Ranar da Zumuntar Mata ta Zo Fadamar Gishiri

Ni 'yar kudancin Kaduna ce. Ruwa mafi girma da na sani ina yarinya shi ne rafin bayan gidanmu, wanda da rani akuya ke tsallake shi ba ta jiƙa kofato ba. Sai ga shi aikin da na fi so a duk rayuwata a bakin teku na same shi, kuma aikin shi ne koya wa yara zama shiru. Idan na faɗa wa mutanen gida haka a waya, dariya suke yi, su ce lallai Amurka ta ci sunanta, har shiru ma sai an ɗauko masa malama.

Karatun muhalli ne ya kawo ni ƙasar nan. Da na gama sai na samu aiki a wata 'yar cibiya da ke kai 'yan makaranta gaɓar tekun Chesapeake, can bayan an haye doguwar gada, inda ƙasa ke ƙarewa a hankali ta zama taɓo, taɓon ya zama ruwa. Fadama ce, amma ta ruwan gishiri. Ciyawa ce iyakar ganinka, sai wata siririyar gadar katako da aka shimfiɗa a kanta don kada a taka ta, sai sauro masu cizo ba sani ba sabo. A gefe guda akwai daji da ya mutu a tsaye, itatuwa farare ƙal ba ganye ba ɓawo, don teku na matsowa kowace shekara, gishiri ya shige musu saiwa. Shugabar cibiyar wata dattijuwar Baturiya ce da ta ƙarar da ƙuruciyarta a wurin. Takan nuna mini inda take ajiye motarta a da, yanzu ƙaguwa ce ke yawo a kai.

Darasin da nake koyarwa ni na ƙirƙiro shi, kuma ina alfahari da shi har gobe. Akwai wani ɗan tsuntsu a fadamar nan da bai kai tafin hannu ba, baƙi-baƙi, mai kunya fiye da amarya. Ba ya tashi sama, cikin ciyawa yake gudu, mutane da yawa sun tsufa a wurin ba su taɓa sa shi a ido ba. Kukansa kawai ake ji, shi ma sai an yi sa'a, don sun kusa ƙarewa. Sai na haɗa makirufo mai jiyo sauti daga nesa da kwamfutar hannu, kowane yaro ya sa abin ji a kunne. Manhajar da ke ciki tana zana kowane kuka a kan allo, ta faɗi mai shi. Yaron da ya saba da buga wasa a waya sai ka ga ya buɗe baki, ya daina motsi, yana kallon layi na hawa da sauka yana jin fadama na magana a cikin kunnensa. Na'urar dai dabara ce ta a samu su yi tsit. Idan suka yi, sauran aikin fadamar ce ke yi.

Matsalar ita ce takardar izinin aikina ta bayan karatu ce, kuma kwanakinta sun kusa ƙarewa. Shugabar ta ce tana so ta riƙe ni ta nema mini ta dindindin, amma sai in wata gidauniya ta yarda ta ɗauki nauyin darasin. Mutanen gidauniyar suka ce za su zo su gani da idonsu, kuma sun fi son a gwada da yaran da iyayensu baƙi ne a ƙasar, irin waɗanda ba a taɓa kai su bakin ruwa ba. Na ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama, ga yaran cocinmu. Zamana a ƙasar nan da aikin da nake so, duka biyun a kan safiya ɗaya suka rataya.

Dole ta hannun Mama zan bi. Ba ita ta haife ni ba, ba mu ma haɗa gari ba. Nas ce mai aikin dare, ita ce shugabar zumuntar mata a ɗan cocinmu da ke taruwa a zauren haya ran Lahadi da rana. Ita ta ɗauko ni daga filin jirgi ranar da na sauka, ta ba ni ɗakin 'yarta a gidanta na Greenbelt, ta saya mini rigar sanyi ta farko, ta koya mini shiga jirgin ƙasa ba tare da na ɓata ba. Na same ta a kicin tana tuƙa tuwon semo.

Na ce, "Mama, yara kaɗan nake so ran Asabar ta sama, da manya biyu da za su kula da su. Kuma da sassafe ne, kafin rana ta ɗaga."

Ta ce, "Wa zai zo kallo?"

Na ce, "Masu ba da tallafi. In abin ya yi musu, za a riƙe ni, a yi mini takardu."

Ta saki muciyar ta juyo. "Takardu? Ɗiyata, ashe ranarki ce, shi ne kike faɗa mini kamar kina aiken gishiri?"

Na ce, "Ba taro ba ne, Mama. Darasi ne. Shiru ma ake so."

Ta ce, "Na ji. Ki bar mini komai."

Na fita ina murna. Ban tuna cewa a cikinmu babu kalmar da ke tayar da mutane tsaye kamar takardu ba. Kowa a cocin nan ya taɓa kwana da ciwonta, ko shi ko ɗansa ko ƙaninsa. Kuma a wurinmu, idan naka zai tsaya gaban manya, ba a barinsa shi kaɗai. Kara ake yi masa. Yawan waɗanda suka tsaya a bayanka shi ne shaidar cewa kai ɗan mutane ne. Haka aka yi mana tun a gida, a asibiti, a kotu, a tashar mota. Na sani sarai, a ciki na girma, kawai ban taɓa kawo wa raina cewa za a kwaso wannan a kawo fadama ba.

Ran Asabar ni da shugabata muka isa gari na wayewa. Na jera na'urori a kan gadar katako, na gwada kowace. Baƙin gidauniyar suka iso kan lokaci, wani dogon mutum mai hular kamun kifi da wata matashiya mai yawan murmushi. Iska ta kwanta, ruwa ya janye, tsuntsaye sai kuka suke yi ta ko'ina. Irin safiyar da nake roƙon Allah ya ba ni ke nan. Yara ne kawai babu.

Na kira Mama. Ta ce, "Ga mu nan kan babbar hanyar Beltway, ɗiyata, kada ki damu." Ina jin ƙarar mai yana soya wani abu a bayanta.

Rana ta ɗaga. Kukan tsuntsaye ya fara raguwa, sauro suka karɓi aiki. Dogon mutumin ya duba agogo sau biyu cikin ladabi. Ina cikin ba su labarin itatuwan da suka mutu don in cika lokaci, sai muka hango ƙura a kan hanyar tsakuwa. Mota ce bayan mota. Na Greenbelt, na Germantown, har da waɗanda ban taɓa gani ba daga Baltimore. A ƙarshe wata doguwar bas fara, ta wani direba mutumin Nijar da ke Sterling, Musulmi, wanda ya ji labari a wurin aski cewa wata 'yar Hausa na neman takardu, ya ajiye aikin filin jirgi na ranar ya kwaso mutane kyauta.

Mata suka fito cikin ankon zumunta, farar riga da zani iri ɗaya, ɗauri ya tashi sama. Maza cikin manyan riguna. Yaran da na ce a sa musu tsofaffin kaya an sa musu takalman coci masu sheƙi, 'yan mata cikin leshi. Aka fara sauke kuloli na shinkafa da waina da naman kaza. Aka sauko da tulun kiɗa da kacau-kacau. Wani ya jawo lasifika mai taya. Na sauko daga gadar na nufe su.

Kafin in kai wurinsu sun fara waƙa. Waƙar godiya ce da nake so tun ina ƙarama, kuma sun rera ta da kyau, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan. Garken balbelu ya tashi daga bakin ruwa gaba ɗaya ya yi gabas.

Na rusuna na gaida Mama, don ko gobara ake yi sai ka gaida Mama. Idanunta ja wur, daga aikin dare ta wuce kicin, ba ta runtsa ba. Na ce a hankali, "Mama, don Allah a rage murya. Kuma gadar ba ta ɗaukar mutane da yawa."

Ta ce, "To, to." Ta juya ta ɗaga hannu, ta buɗe muryar da take tsawata wa yara a coci: "A yi shiru! Ɗiyarmu za ta yi magana!" Abin da ya rage na tsuntsaye a kusa shi ma ya tashi.

Sai gaisuwa. Kowa sai da ya je ya kama hannun baƙin nan da hannu biyu, ya tambaye su iyali da gajiya. Daga nan Mama ta tsaya gabansu ta yi jawabi da Turancinta na asibiti. Ta ce ta san ni tun ranar da na sauka. Ta ce ba na shan giya, ba na yawon dare, ina wanke kwanona. Ta ce duk wanda ya ba ni takardu ba zai yi nadama ba, ga shaidu nan sun taru. Aka yi guɗa. Matashiyar nan ta ci gaba da murmushi, amma na ga ta dubi shugabata ta gefen ido. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Duk da haka na gwada. Na tara yaran, na sa musu abin ji a kunne, na nuna musu allo. Iyaye suka biyo mu kan gada don su ga abin da ɗiyarsu ke koyarwa, katako na ƙara a ƙarƙashinmu. Makirufon nan an yi shi ne don ya jiyo kukan da ke can nesa cikin ciyawa, to ina ga dariyar baba a kusa da shi? Yara suka fizge abin daga kunnuwansu suna cewa da Turanci yana musu zafi. Allon ya cika da zane baƙi ƙirin daga sama har ƙasa, manhajar ta rasa sunan da za ta ba shi. Wata uwa ta leƙo ta ce wa ɗanta, "Ka saurara da kyau, wannan ita ce kwamfuta, nan gaba kai ma ka samu aiki."

Mai hoton da suka zo da shi ne ya ƙarasa ni. Ya ce gadar ta yi siriri, ba za ta ɗauki kowa a hoto ɗaya ba, a sauko ƙasa ga fili nan mai kyau. Filin nan sabuwar ciyawa ce da masu aikin sa kai suka dasa da hannu, tsiro ɗaya bayan ɗaya, don ta riƙe ƙasar kada teku ta cinye. Kuma lokacin sheƙa ne, akwai ƙwai a ƙarƙashin ciyawar da ke kewaye. Na ɗaga murya na ce kada a sauka. Na faɗa da Hausa, na faɗa da Turanci. Wani dattijo ya dafa kafaɗata ya ce, "Haba 'yata, ciyawa ce fa. Kada ki damu da takalmanmu, saboda ke muka zo." Suka sauka. Dugadugai suka nutse, takalmin wata ya maƙale a taɓo, aka yi ta shewa ana jawo ta. Na dubi shugabata. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta juya ta kalli ruwa.

Na ji haushinsu a ranar, haushin da ban taɓa ji wa kowa ba. Na so in kwashe kulolin nan in watsa a teku. Amma wa zan kora? Matar da ba ta yi barci ba saboda ni? Dattijon da ya zo da sanda, gwiwarsa a kumbure? Direban da ko sunana bai sani ba? Da mugunta suka zo yi mini, da na san yadda zan yi da su. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, balle hannun da ya miƙo maka abinci.

Da aka gama hoto, Mama ta ce ba za a ci abinci ba sai an yi wa ɗiyarmu addu'a. Ta ce kowa ya fara roƙo a zuciyarsa. Suka sunkuyar da kai, suka rufe ido, manya da yara. A karon farko tun isowarsu fadamar ta yi tsit. Abin ji yana rataye a wuyana, ban san lokacin da na mayar da shi kunne ba. Na ji iska cikin ciyawa, na ji ruwa ya fara dawowa. Sai daga can nesa, ta wajen matattun itatuwa, ɗan tsuntsun nan ya yi kuka. Gajere, sau ɗaya. Siririn layi ya hau kan allo, manhajar ta rubuta sunansa. Duk zamana a wurin sau kaɗan na taɓa jinsa, kuma ban taɓa ji da rana tsaka haka ba.

Na ɗago da sauri ina neman baƙin. Suna can wurin ajiye motoci, an riga an cika musu faranti, dogon yana ƙoƙarin buɗe mota da gwiwar hannu. Ni kaɗai ce da abin ji a kunne. Kafin in ɗaga hannu Mama ta ce, "A cikin sunan Yesu," taron ya amsa da amin ɗin da ya girgiza katakon da nake tsaye a kai.

Sati na gaba ni da shugabata muka koma muna gyara abin da zai gyaru a filin dashen. Muna durƙushe cikin taɓo ta faɗa mini. Gidauniyar ta ce ta ji daɗin zuwa, amma ba ta ga darasin da aka ce za ta gani ba, ta ba wasu tallafin. Hukumar da ke kula da fadamar kuma ta hana cibiyarmu kai rukunin mutane wannan ɓangaren. Ba tallafi, ba gurbin aiki, ba takardu. Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata. Sai shugabata ta ce, "Mutanenki suna sonki ƙwarai." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Don kada zamana ya zama na laifi, na sake shiga makaranta, na karanta kula da tsofaffi, abin da ban taɓa sha'awa ba. Yanzu a wani gidan tsofaffi nake a Germantown. Ina canja zanen gado, ina auna hawan jini, ina zama cikin cunkoson babbar hanya safe da yamma. Har yanzu takarduna na wucin gadi ne, daga wannan sabuntawa sai waccan. Cibiyar ba ta daɗe ba ta rufe, shugabar ta koma wurin 'yarta a wata jiha, na'urorin aka raba wa makarantu. Ban sake haye doguwar gadar nan ba. Wani da muka yi aiki tare ya ce mini ruwa ya fara hawa kan gadar katakon idan teku ta cika, kuma an daɗe ba a ji ɗan tsuntsun ba. Ina jin tsoron in je in tarar gaskiya ya faɗa.

Ban taɓa gaya wa kowa a coci abin da ya faru ba. Da na ce wa Mama na koma aikin jinya, rawa ta taka a kicin. Ta ce dama can ba ta gane aikin sauraron tsuntsu ba, yanzu ne na kama sana'ar da ake ci da ita. A wurinsu ranar nan ranar nasara ce, har yau idan aka zauna sai an tuna takalmin da ya maƙale a yi dariya, ni ma in taya.

Mama ta yi ritaya bara, ƙafa ta hana ta tsayuwa. Nakan biya ta Greenbelt in na tashi aiki in shafa mata magani. Kwanan baya ina durƙushe a gabanta, ƙafarta a kan cinyata, sai ta dafa kaina.

Ta ce, "Ɗiyata, kin san abin da nake gode wa Ubangiji a kai har yau?"

Na ce, "A'a, Mama."

Ta ce, "Da ba mu bar ki ke kaɗai ba ran nan a bakin ruwa. Na gaji a ranar kamar in faɗi, amma na ce ko da rarrafe sai na je. Da Turawan nan sun ɗauka ba ki da kowa."

Saura kaɗan in faɗa mata duk abin da na ɓoye shekarun nan. Na dubi ƙafar da ke hannuna, a kumbure, jijiyoyi sun fito.

Na ce, "Haka ne, Mama. Na gode."

Ta ce, "Ba godiya tsakaninmu. Ɗan matsa nan wajen idon sawun, nan ne ke mini ciwo."

Na matsa.